Mun Gama Ƙidayar Ƙuri'u Kafin Magariba, Amma An Ce Ba Mu Da Gogewa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a shafin wasiƙu domin in yi magana a kan abubuwa biyu waɗanda mai karatu zai iya ɗauka cewa hanya ba ta haɗa su ba, wato daɗewar da sakamakon zaɓe yake yi kafin a san matsayarsa a ƙasar nan, da kuma sharaɗin gogewar aiki da ake gindaya wa matashin da bai taɓa samun aikin ba balle ya goge a cikinsa. A rayuwata igiya ɗaya ce ta ɗaure su, kuma na tabbata akwai dubban matasa da za su ga kansu a cikin abin da zan faɗa, musamman waɗanda suka yi bautar ƙasa a shekarar 2023 kamar yadda na yi.

A daren Juma'a, 24 ga Fabrairu 2023, na kwana a kan benci a cikin ajin wata makarantar firamare da ke wani gari a jihar da aka tura ni bautar ƙasa, na yi matashi da jakar da ke ɗauke da takardun zaɓe saboda tsoron kada wani abu ya ɓata a hannuna. Lokacin ne ake fama da ƙarancin takardun kuɗi sakamakon sauya fasalin naira, ta yadda ko kuɗin shayi da burodi sai da muka yi karo-karo. Horon da aka ba mu bai wuce 'yan kwanaki ba, amma da gari ya waye ni ne shugaban rumfar zaɓe, da mataimaka uku a ƙarƙashina, da na'urar BVAS mai tantance masu zaɓe a hannuna, da akwatuna uku na shugaban ƙasa da sanata da ɗan majalisar wakilai. Ina tuna wata tsohuwa wadda na'urar ta ƙi karanta yatsanta, domin lalle da shekarun surfe sun shafe zanen, muka goge yatsan da gefen zanenta muka sake gwadawa har sau uku, daga ƙarshe muka tantance ta da fuska, ta tafi tana sa mana albarka kamar mun biya mata kujerar Makka. Da aka rufe layi muka juye ƙuri'u a kan tebur a gaban kowa, muka ware su jam'iyya-jam'iyya, muka ƙidaya da ƙarfi jama'a suna amsawa. An yi musu mai zafi a kan ƙuri'u biyu da tawada ta tsallake layi, wakilan jam'iyyu suka taso kamar za su cinye ni ɗanye, na buɗe littafin ƙa'idoji na karanta musu abin da ya ce, kowa ya koma ya tsaya. Na cike takardar sakamako ta EC8A, wakilai suka sa hannu, na ba kowa kwafinsa, na manna sakamakon a bangon aji, na ɗauki hotonsa da na'ura. Ba a kira sallar magariba ba sai da muka ɗaure kayanmu.

Abin da ya faru a rumfata shi ne ya faru a mafi yawan rumfuna sama da 176,000 da ke faɗin Najeriya, ko da yake akwai wuraren da kayan aiki suka makara har aka kai dare ana ƙidaya da fitilar waya. Duk da haka, ba a bayyana wanda ya ci zaɓen shugaban ƙasa ba sai ranar Laraba, 1 ga Maris, da misalin ƙarfe huɗu na asuba, lokacin da shugaban hukumar zaɓe na wancan lokaci, Farfesa Mahmood Yakubu, ya karanta cewa Bola Ahmed Tinubu ya sami ƙuri'a 8,794,726, Atiku Abubakar 6,984,520, Peter Obi 6,101,533, Rabi'u Musa Kwankwaso kuma 1,496,687. Wannan ba sabon abu ba ne. A 2019 an yi zaɓe ranar 23 ga Fabrairu, sakamako ya fito da asubahin ranar 27 ga wata. A 2015 an yi zaɓe ranar 28 ga Maris, kuma Farfesa Attahiru Jega bai bayyana Muhammadu Buhari a hukumance ba sai cikin daren da ya waye 1 ga Afrilu, bayan Goodluck Jonathan ya riga ya buga waya ya taya shi murna. Sau uku a jere ke nan ana sanar da al'umma wanda zai mulke ta a lokacin da take barci, kuma ko da babu wata manufa a bayan hakan, duk Bahaushe ya san yadda zuciya take kallon abin da aka ƙulla cikin dare.

Ya kai Edita, ina son masu karatu su lura da inda jinkirin yake faruwa, domin a nan ne maganata ta biyu ta samo asali. Sakamako yana tashi daga rumfa zuwa mazaɓa, daga mazaɓa zuwa ƙaramar hukuma, daga ƙananan hukumomi 774 zuwa hedikwatar jiha, daga jihohi 36 da Abuja kuma zuwa babban zauren tattara sakamako, inda shugabannin jami'o'i da manyan farfesoshi suke zuwa ɗaya bayan ɗaya suna karanto alƙaluma, wasu da ƙyar suke ganin rubutun da aka ba su. A matakin farko, inda aikin ya fi wahala da haɗari, inda ake fuskantar rana da yunwa da fusatattun mutane ido da ido, waɗanda suke riƙe da ragama matasa ne da ba su taɓa yin aikin ba, kuma su ne suke gamawa a ranar. Inda ake kwana uku ko huɗu kuwa, a hannun masu furfura da tarin digiri ne, waɗanda babu mai shakkar gogewarsu. Ban faɗi haka don in raina malamanmu ba, su ne suka koyar da mu, kuma na san tattara alƙaluman ƙasa guda ya fi ƙarfin ƙidayar rumfa ɗaya. Na faɗa ne domin a ga cewa idan aka koya wa matashi aiki, aka ba shi ƙa'ida a rubuce, aka ɗora masa amana, yana iya sauke ta a kan lokaci.

Ba na cikin masu cewa a yi gaggawa ko ta halin ƙaƙa. Najeriya ƙasa ce mai faɗi, akwai rumfunan da sai an shiga kwalekwale, akwai waɗanda sai an hau babur na sa'o'i a cikin daji mai haɗari, sannan tsarin mulki bai ce wanda ya fi yawan ƙuri'a kawai ya ci ba, sai ya haɗa da kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'un aƙalla kashi biyu cikin uku na jihohi, don haka dole a jira kowace jiha ta iso. Mun kuma ga abin da gaggawa take haifarwa a Adamawa, ranar 16 ga Afrilu 2023, lokacin da kwamishinan zaɓe na jihar ya tashi ya bayyana Aishatu Binani a matsayin wadda ta ci kujerar gwamna alhali ba a gama tattara sakamako ba kuma ba shi doka ta ba wa wannan iko ba, har sai da hedikwatar hukumar ta soke sanarwar, aka kammala aikin, aka bayyana Ahmadu Fintiri. Abin da yake damun mutane ya wuce yawan kwanakin. Rashin sanin ranar da jiran zai ƙare ne, da rashin ganin abin da ake yi a cikin kwanakin. An yi wa 'yan ƙasa alkawari cewa hoton kowace takardar sakamako zai hau shafin IReV a intanet daga rumfa kai tsaye, sai ga shi na 'yan majalisa yana hawa, na shugaban ƙasa ya ƙi, hukumar ta ce tangarɗar na'ura ce. Wanda ya yarda ya yarda, wanda bai yarda ba har yau bai yarda ba, kuma a cikin wannan duhun ne jita-jita take yin ƙiba, kowa yana yaɗa nasa sakamakon a WhatsApp da Facebook.

Mu a Kano mun san wannan jira fiye da kowa. A 2019 an ce zaɓen gwamna bai kammala ba, kalmar da bakin Kanawa ya mayar da ita inkwankulusib, aka koma aka sake a wasu wurare, ciki har da mazaɓar Gama, ranar 23 ga Maris. A 2023 an ɗage zaɓen gwamnoni daga 11 zuwa 18 ga Maris, kuma da sakamako ya fito sai da aka sa dokar hana fita a jihar. Daga nan aka shiga kotu. Kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta yanke hukuncinta a Satumba 2023, kotun ɗaukaka ƙara ta yi nata a Nuwamba, ba a kuma san tabbacin wanda zai ci gaba da zama a gidan gwamnati ba sai ranar 12 ga Janairu 2024, da Kotun Ƙoli ta tabbatar da Abba Kabir Yusuf. Kusan wata goma ke nan daga ranar jefa ƙuri'a. Na shugaban ƙasa ma bai ƙare ba sai 26 ga Oktoba 2023, wata biyar bayan an rantsar da shi. A gaskiya sakamakon zaɓe a ƙasar nan hawa biyu ne, akwai wanda hukumar zaɓe take karantawa, akwai kuma wanda alƙalai suke karantawa, kuma na biyun ne masu kuɗi da masu ɗaukar ma'aikata suke jira.

A cikin wannan tsakanin ne na gama bautar ƙasa na dawo gida da takardar shaida a cikin leda, na fara yawon neman aiki. Duk tallar gurbin aiki da na gani, ko a jarida ko a waya, tana ɗauke da layi biyu da suka zame mini kamar ƙaya a maƙogwaro: ana neman mai gogewar shekara biyu ko uku ko biyar, kuma kada shekarunsa su wuce 26 ko 27. Na sha zama in yi lissafi in ga ko akwai ɗan talakan da ya yi jami'ar gwamnati da zai iya cika waɗannan sharuɗɗa biyu a lokaci guda. Yajin aikin malaman jami'a na 2020 ya ci mana wata tara, ga annobar korona a kai, ƙannenmu kuma na 2022 ya ci musu wata takwas, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Idan aka haɗa da shekarar da mutum ya yi yana jiran gurbin shiga jami'a, da watannin jiran a kira shi sansanin bautar ƙasa, da shekarar bautar kanta, karatun shekara huɗu ya zama bakwai. Wanda ya cika sharaɗin shi ne wanda iyayensa suka iya kai shi jami'a mai zaman kanta ko ƙasar waje, ya gama yana da shekara ashirin da ɗaya, ya kuma sami kawu mai kamfani da zai rubuta masa takardar cewa ya yi aiki. Saboda haka sharaɗin da ake cewa na auna iyawa ne, sau da yawa aljihun uba yake aunawa.

Wata rana Allah ya sa aka kira ni ganawa a wani kamfani a nan cikin gari, wanda ba zan ambaci sunansa ba domin ba shi kaɗai ne mai wannan hali ba. Gurbin na mai kula da lissafin kayan da ke shiga da fita daga sito ne. Na goge kaftanina tun da dare, na ari takalmin yayana, na isa kafin ƙarfe takwas, na tarar da mutum sama da talatin a kan benci kowa da ambulan a hannu. Da layi ya zo kaina, mutumin da ke bayan tebur ya juya takarduna sau biyu, ya ce, "Malam, ina ka taɓa yin aiki?" Na ce, "Ranka ya daɗe, na koyar da lissafi shekara guda a makarantar sakandare lokacin bautar ƙasa, kuma na shugabanci rumfar zaɓe sau biyu, na karɓi kaya a ƙidaye na mayar da su a ƙidaye, babu takarda ɗaya da ta ɓata." Ya yi murmushi irin na manya, ya ce, "Wannan ai aikin kwana ɗaya ne, kuma bautar ƙasa ba ma lissafa ta." Sannan ya ƙara da maganar da ta fi ta farko nauyi a wurina, ya ce ko waɗanda suka cika sharaɗin ma ba yanzu za a ɗauke su ba, domin maigidan ya ce a dakata a ga yadda shari'ar gwamna za ta kaya, saboda rabin cinikinsu da ma'aikatun jiha ne.

Na fito na tsaya a bakin titi ina jiran a-daidaita-sahu, ina juya maganar a raina. Ƙasa ta yarda ta danƙa mini ƙuri'un mutane, abin da ake zubar da jini a kansa, ta yarda da sa hannuna a kan takardar da lauyoyi za su iya ɗagawa a gaban alƙalai, amma ba a yarda in ƙidaya katan-katan na sabulu ba. Kuma wannan aikin da ake kira na kwana ɗaya, akwai waɗanda suka biya shi da rayukansu, domin ba mu manta da masu bautar ƙasa da aka kashe a Jihar Bauchi a rikicin da ya biyo bayan zaɓen 2011 ba. Har yau hukumar zaɓe tana dogaro da matasan NYSC, wato shirin bautar ƙasa da Janar Yakubu Gowon ya kafa a 1973, kuma idan aka lissafa mutum huɗu a kowace rumfa za a ga cewa ma'aikatan wucin gadi na rumfuna kaɗai sun haura dubu ɗari bakwai. Da wuya a sami wani kamfani a Afirka da ya taɓa ɗaukar sababbin hannu masu wannan yawa a rana ɗaya ya kuma ga aiki ya tafi.

Maganar "a dakata a gani" kuwa na ci gaba da jin ta a duk inda na shiga a wannan shekara. Kafin zaɓe an ce a bari a wuce zaɓe, bayan zaɓe aka ce a bari a rantsar da sabuwar gwamnati ranar 29 ga Mayu, bayan rantsuwa aka ce a bari a naɗa ministoci da kwamishinoni, waɗanda na tarayya ba su kama aiki ba sai 21 ga Agusta, bayan nan kuma aka ce a bari kotu ta gama. Ban ga laifin 'yan kasuwa ƙwarai ba. Ɗan kwangilar da yake bin gwamnati bashi bai san ko wadda za ta zauna za ta amince da takardunsa ba, mai shago a Kantin Kwari ko Singa yana tsoron ya cika shago da kaya rikici ya tashi, mai masana'anta a Sharaɗa ko Bompai yana jiran ya ga inda farashin dala da man fetur za su tsaya bayan cire tallafi. A ma'aikatun gwamnati ma haka abin yake, domin kowa ya san al'adar da ta zama ruwan dare a jihohi da dama, inda gwamnati mai barin gado take raba takardun ɗaukar aiki a watanninta na ƙarshe, mai shigowa kuma ta dakatar da su ta kafa kwamitin bincike. Kowa yana da hujjar jiransa, sai dai a cikin masu jiran nan akwai wanda shekarunsa suke tafiya zuwa ga iyakar da tallar aiki ta gindaya, kuma ranar da aka buɗe ƙofa za a ce masa ya tsufa, sannan har yanzu ba shi da gogewa.

Wani zai ce ai alƙaluman gwamnati sun nuna rashin aikin yi ya ragu. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce a ƙarshen 2020 marasa aiki sun kai kashi 33.3 cikin ɗari, sai a 2023 ta sauya ma'auni, ta fara lissafa duk wanda ya yi aikin samun kuɗi na ko da sa'a ɗaya a mako a matsayin mai aiki, adadin ya faɗo zuwa kashi 4.1. A bisa wannan ma'auni ni ma mai aiki ne, tunda ina koya wa yaran maƙwabta lissafi da yamma ana ba ni abin sayen kati. Wanda yake son ya san gaskiyar lamarin ya tuna ranar 15 ga Maris 2014, lokacin da dubban ɗaruruwan matasa suka cika filayen wasa a Abuja da wasu birane domin jarrabawar shiga hukumar shige da fice, a kan guraben da ba su kai dubu biyar ba, aka yi turmutsutsu mutane suka mutu. Inda masu nema suka yi wannan yawa, mai ɗaukar aiki yana buƙatar rariya da zai rage su da ita, kuma sharaɗin gogewa shi ne rariya mafi arha, domin ba ya buƙatar a zauna a gwada kowa. Na fahimci wannan, amma fahimtar dalili ba ta mayar da shi adalci ba.

Abin mamaki shi ne, mu Hausawa muna da tsarin da ya warware wannan matsala tun kafin zuwan boko. Babu maƙerin da yake tambayar yaro shekara nawa ya yi yana ƙira kafin ya ba shi zuga-zugi, babu telan da yake neman takardar shaida kafin ya ba yaro ɗinkin maɓalli, kuma babban ɗan kasuwa a Kwari yakan ɗauki yaron shago ya fara da shara da ɗauko dila, ya koyi awon yadi da gane atamfa ta gaske, ya riƙe littafin bashi, har ranar da maigida zai yaye shi ya ba shi jari. Ana duba amana da kaifin hankali, sauran kuma da koyo akan iya. Ofisoshin zamani ne suka zo da tunanin cewa wani ne zai horar, su kuma su zo su ɗauki wanda ya nuna, kowa yana son cin tuwo babu mai son surfe. Shirin N-Power da aka fara a 2016 ya yi ƙoƙarin cike wannan giɓi da alawus na naira dubu talatin a wata, amma da yawa daga waɗanda suka yi shekaru suna koyarwa a ƙarƙashinsa sun fito sun tarar cewa su ma ba a lissafa musu shekarun.

Saboda haka, tunda zaɓen 2027 yana tafe kuma ba a fafe gora ranar tafiya, ina da roƙo ga ɓangarori uku. Ga 'yan majalisa da hukumar zaɓe, ina roƙon a yi wa bayyana sakamako wa'adi sananne wanda kowane ɗan ƙasa zai iya riƙewa a ka, kamar yadda tsarin mulkin Kenya ya ce a bayyana sakamakon shugaban ƙasa cikin kwana bakwai, kotun ƙolinsu kuma ta yanke hukunci a kan ƙara cikin kwana goma sha huɗu. Mu a nan mai ƙara yana da kwana 21 ya shigar, kotun farko tana da kwana 180, ɗaukaka ƙara kuma kwana 60 a kowane mataki, shi ya sa ake rantsar da mutum ya yi watanni yana mulki da kuɗin jama'a yana kare kujerarsa. Kwamitin marigayi Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais ya ba da shawara tun 2008 cewa a gama shari'un zaɓe kafin rantsuwa, kuma har yau ban ji wata hujja mai ƙarfi da ta rushe wannan shawara ba. A kuma daina karanta sakamako da ƙarfe huɗu na asuba. Idan aikin ya ƙare cikin dare, a sanar da sa'ar da za a karanta shi da rana tsaka, kowa ya kunna rediyonsa ya ji da kunnensa. Maƙwabtanmu na Ghana sun yi zaɓe ranar 7 ga Disamba 2024, washegari Mahamudu Bawumia ya amince da shan kaye, ranar 9 ga wata aka bayyana John Mahama, kasuwa ta ci gaba da ci. Ghana ba ta kai mu girma ba, amma ba girma kaɗai ne bambancin ba.

Roƙona na biyu ya fi sauƙi, kuma ba ya buƙatar gyaran tsarin mulki. Hukumar zaɓe tana da sunan duk wanda ya yi mata aikin wucin gadi, da rumfar da ya riƙe, da ko takardarsa ta iso lafiya ko an sami matsala. Ta ba kowane ɗaya takardar shaida mai lamba wadda mai ɗaukar aiki zai iya tantancewa a intanet, a rubuta a ciki abin da ya yi: ya jagoranci mutum uku, ya sarrafa na'ura, ya riƙe kayan amana, ya sasanta saɓani, ya cike takardun doka. Haka kuma gwamnati ta fito fili ta ce shekarar bautar ƙasa gogewar aiki ce ta shekara guda, ta fara aiki da hakan a nata guraben, ta kuma hana haɗa sharaɗin gogewa da ƙaramin gurbin da sunansa ma na masu farawa ne. Idan ƙasa ta tilasta wa matashi ya ba ta shekara guda ta rayuwarsa, bai kamata ta bari a riƙa ce masa wannan shekarar ba a lissafa ta ba.

Na uku kuma ga masu kamfanoni da shaguna da makarantu masu zaman kansu, waɗanda da yawansu iyayenmu ne kuma su ma wani ne ya fara ba su dama. Ina roƙonsu da su gwada mutum kafin su sallame shi. A ba shi littafin sito da alƙalami a ce ya daidaita lissafin mako guda, a ba shi aji na minti arba'in a zauna a baya a saurara, a ɗauke shi gwaji na wata uku da ɗan abin motar da zai kawo shi, idan bai iya ba a sallame shi babu wanda zai ce an zalunce shi. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Mutumin da ya yi mini murmushi a bayan tebur bai san ko na iya lissafin sito ko ban iya ba, kuma minti goma sun ishe shi ya sani.

Har yanzu ina ajiye da hoton takardar sakamakon rumfata a cikin wayata, da sa hannuna a ƙasa da na wakilan jam'iyyu a jere. Na buga shi a takarda na saka a cikin ambulan ɗin da nake yawo da shi, a bayan takardar digiri da ta bautar ƙasa, kuma ranar Litinin mai zuwa akwai wata makaranta da ta ce in zo da takarduna da ƙarfe tara na safe.

Na gode da wannan fili da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jaridarku albarka.

Wassalam.

Naka mai karatu,
Wani tsohon mai bautar ƙasa,
daga Kano.